Yadda Injiniya Ya Girka Sirri a Shagon Tabarau

Duk layin shagunan nan ba wanda zai iya faɗa maka makarantar da Injiniya ya yi. An dai wayi gari an gan shi da jakar kwamfuta a kafaɗa, biro uku a aljihun gaba, filasha rataye a wuya kamar sarƙa, ya tsaya a ƙofar shagon tabarau na yayarsa ya ce wa Mai Kwafi na maƙwabta, "Daga yau Injiniya za ku riƙa ce mini." Mai Kwafi yana tsakiyar ciro takardar da ta maƙale a injinsa, sai ya ce to, don a rabu lafiya. Shi ke nan suna ya kama. Jakar kuwa, wanda ya taɓa leƙa cikinta ya rantse ba komai sai caja da matajin gemu.

Yayarsa likitar ido ce. Ita ce babba a ɗakinsu, shi ne auta, shekara goma sha huɗu tsakaninsu. Ta goya shi, ta yi masa wanka, ta san shi tun ba wando. Ya sha roƙon ta ta riƙa ce masa Injiniya ko da a gaban mutane ne kawai. Takan ce, "To, Auta."

Shagon ba girma. Daga gaba akwai tabarau jere a bango, da madubai ko ta ina don masu gwadawa su kalli kansu, da tebur ɗaya a kusurwa mai kwamfuta ɗaya tak. Daga ciki akwai ɗakin gwaji, labule a ƙofarsa, da wani babban allo a bango wanda ke nuna haruffa daga manya zuwa ƙanana. Kwamfutar nan guda ita ke tura haruffan zuwa babban allon, ita ce kuma ke aika awon idon mutane zuwa masana'antar da ke yanka gilashi.

Ran nan da safe takarda ta iso daga masana'antar. Sun ce daga yau ba za su karɓi awon kowa ba sai a kulle, wato a rikita bayanan yadda ko wani ya tare su a hanya ba zai gane komai ba. Don haka sai an girka wa kwamfutar wani laburare, wato 'yar manhajar ɓoye bayanai. Umarnin layi ɗaya ne a saman takardar, sai wasu ƙananan rubutu a ƙasa.

Likita ta ɗauki waya.

"Yaya, wa za ki kira?"

"Mai gyara."

Injiniya ya dafe ƙirji. "Ina zaune? Da raina da lafiyata?"

"Auta, wancan karon da ka gyara firinta kwana uku tana buga komai a kife."

"Ai ta buga ko? Juya takardar kawai za a yi."

Ga dalilin da ya sa ya nace. A bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki da ake tara kwalaye, shi kuwa ya daɗe da sawa aka rubuta masa allo da ruwan zinariya: OFISHIN INJINIYA, SASHEN TSARON BAYANAI. Wata biyu allon yana ƙarƙashin gadonsa, Likita ta hana shi bugawa. Ya ga yau ce ranar.

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ajiye wayar. "In awon yau ya tafi kafin ƙarfe huɗu, ka buga allonka. In bai tafi ba, ya koma ƙarƙashin gado, kuma kar in sake jin zancensa."

"Ƙarfe huɗu? Yaya, kin raina ni. Kafin ki gama goge tabarau ɗaya na gama."

"Za ta tambaye ka kalmar sirri. Matso da kunnenka."

Ya matso yana murmushi. Ta raɗa masa. Murmushin ya tsaya a inda yake kamar an danna masa birki.

Kalmar ita ce KumatunMama.

Sai na ɗan koma baya. Lokacin da Injiniya yake jariri kumatunsa sun fi kansa faɗi, in ya yi dariya idanunsa ɓacewa suke. Mahaifiyarsu ta sa masa Kumatun Mama, kuma ba ta daina ba. Da shi take kiransa cin abinci, da shi take aikensa, da shi ta taɓa ƙwala masa kira a bakin makarantar sakandare gaban 'yan ajinsu duka. Gemun nan da yake ta shafawa, don kumatun ya tara shi. A wannan layi ba mahalukin da ya san sunan, kuma da a sani gara a ce masa ya cinye allon nasa da ƙusoshinsa.

"Yaya!" ya ce. "Duk kalmomin duniya?"

"An ce in zaɓi abin da ba zan manta ba, kuma wanda ba mai faɗa. Ni ba zan manta ba. Kai kuma na san ko yanka ka za a yi ba za ka faɗa ba."

Ta shige ɗakin gwaji ta ja labule.

Wani da ya ji haka zai zauna shiru ya yi aikinsa ba wanda ya gani. Amma aikin da ba a gani ba, a wurin Injiniya, ba a yi shi ba. Ya gyara wuyan riga ya leƙa maƙwabta.

"Mai Kwafi, zo ka ga yadda ake aikin tsaro. Ba kullum ake samun irin wannan kyauta ba."

Mai Kwafi ya zo yana goge baƙin tawada a wando. Injiniya ya zauna, ya lanƙwasa yatsu suka yi ƙas ƙas, ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki, wanda masu sana'ar ke kira taminal. Ya ƙara girman rubutun har kowane harafi ya kai tafin hannu.

"Don na baya su amfana," ya ce, alhali na bayan mutum ɗaya ne.

Ya kwafi layin daga takardar da yatsa ɗaya, yana bayani. "Kalmar farko neman izinin mai gida ce. Ta biyu sunan dillalin da ke zuwa rumbu ya ɗauko manhaja. Ta uku ana ce masa girka. Ta huɗu sunan laburaren. Ka gane?"

"Ƙananan rubutun nan na ƙasa fa?"

"Wannan na 'yan koyo ne." Ya ninke takardar ya soma fifita da ita.

Ya danna Enta. Kwamfuta ta nemi kalmar sirri.

"Juya baya."

"Ni?"

"Akwai wani a nan? Juya baya, malam, tsaro ba ya maƙwabtaka."

Mai Kwafi ya juya. Injiniya ya kare kibod da hannu ɗaya kamar ɗalibin da ake satar amsarsa, ya danna K. Ya ɗaga kai. Ba komai a allo. Ya danna U. Ba komai, ko ɗigo, ko 'yar tauraruwar nan da ya saba gani a waya. Ya rubuta kalmar har ƙarshe, allo yana kallonsa yana kallon allo. Ya sake rubuta ta daga farko da ƙarfi. Ya ƙara da dukan maɓallai biyar-shida don ya tashe su daga barci, sannan ya danna Enta.

Kwamfuta ta ce da Turancinta cikin ladabi ya yi haƙuri ya sake gwadawa.

"An gama?" in ji Mai Kwafi, fuskarsa a bango.

"Kibod ne."

"Ai yanzu na ga yana rubutu."

"Rubutun fili ka gani. Wannan kibod ɗin na aikin yau da kullum ne, da an zo wurin sirri sai ya noƙe. Ba shi da ƙarfin ɗaukar tsaro. Kawo naka."

"Ina da mutane suna jira."

"Minti biyu."

Kibod ɗin Mai Kwafi ya ga duniya. Rabin haruffansa sun goge, maɓallin tazara kuma salatif ke riƙe da shi. Ya zo da shi, mutum uku masu jiran a buga musu takardu suka biyo bayansa da takardunsu a hannu. Injiniya ya ga jama'a ta ƙaru, sai ya sake bayanin kalma huɗu daga farko, wannan karon har da nuni da biro. Ya sa kowa ya juya baya. Ya rubuta. Ba komai. Ya sake, ya doka, ya danna Enta.

A yi haƙuri a sake gwadawa.

"Shi ma ya noƙe?" in ji Mai Kwafi.

"Wannan ai tsoho ne, ba ya gani sosai."

"To ga likitar ido nan ciki, a duba shi mana."

Aka yi dariya. Injiniya ya sha mur ya duba agogo. Sha biyu ta wuce.

Shago na uku na Anti Tikiti ne, mai sayar da tikitin jirgi, wadda ta yi shekaru tana magana da matafiya har muryarta ta koma irin ta sanarwar filin jirgi, ta hanci, kowace kalma da jela. Kibod ɗinta ruwan hoda ne, ba waya, an manna masa furanni.

"Injiniyaaa," ta ce, "in fure ɗaya ya ɓantale, da gemunka zan liƙe wurin."

Ta ba shi, amma ta biyo abinta, tana tafe takalminta na ƙwas ƙwas. Ta tsaya a kansa ta harɗe hannu.

"Anti, juya baya."

"In juya in ba ka kibod ɗina baya? Ba a yi ba."

"Dokar tsaro ce."

Ta juya tana tsaki. Sai ga ta ido da ido da shi ta cikin madubi. Ta ɗaga masa hannu.

Nan Injiniya ya lura. Madubai! Bango uku na shagon duk madubi ne, ashe tun ɗazu wanda ya juya masa baya kallonsa yake daga kusurwa huɗu. Ya shiga lissafin ko Mai Kwafi ya ga inda yatsansa ya sauka. Ya kifa jikinsa a kan kibod ɗin, ya rubuta ta ƙarƙashin hammata, ya leƙa allo da ido ɗaya. Ba komai. Ya sake. Enta.

A yi haƙuri.

"Nawa sabo ne fil," in ji Anti, "kar ma ka soma."

"Matsalar ba shi da waya. Sirrin yana tsiyayewa a iska kafin ya isa."

"Yana tsiyayewa," in ji Mai Kwafi, ya dubi sama kamar mai neman inda rufi ke yoyo. Ɗaya daga masu jiran kwafi ya matsar da takardunsa gefe.

Ana cikin haka wani dattijo ya shigo, ya kutsa ta cikin mutane da sandarsa. Baba Hedimasta ke nan, shekara talatin da biyar yana riƙe da makaranta kafin ya yi ritaya, kuma har yau in ya yi gyaran murya manya masu gemu sukan gyara tsayuwa. Ya zo a canja masa tabarau. Ya dubi taron ya ce, "Layi ne ko kasuwa?" Mutane suka dare. Likita ta leƙo ta shigar da shi ɗakin gwaji, ta harari ƙaninta.

"Auta, ƙarfe biyu."

"Muna matakin ƙarshe, Yaya."

Matakin ƙarshe shi ne Mai Waya, mai gyaran waya na ƙarshen layi, wanda ke da wani kibod na masu wasan kwamfuta, baƙi, mai nauyin bulo, fitilu na yawo a cikinsa ja da kore da shuɗi. Da aka shigo da shi har wasu suka yi tafi. Kafin nan shagon ya cika: masu jiran kwafi, masu jiran tikiti, masu jiran waya, da waɗanda suka ga taro kawai suka tsaya.

"Wannan," in ji Injiniya yana shafa shi, "shi ake kira kibod."

Wayar kibod ɗin gajera ce, sai da ya rarrafa ƙarƙashin tebur. Can cikin duhu da ƙura ya laluba ya fizge wata waya don ya sami rami, ya ga ba ita ba ce, ya mayar da ita da sauri. Wayar babban allon ɗakin gwaji ce. Da ta koma, kwamfutar ta yi abin da ta ga dama: ta daina tura haruffan gwaji zuwa bango, ta soma nuna duk abin da ke allon tebur. Ba wanda ya lura. Likita ta ba bangon baya, tana ɗora wa Baba Hedimasta tabaran ƙarfen nan na gwaji tana zaɓen gilasai a akwati.

Injiniya ya fito da yanar gizo-gizo a gemu. Ya rubuta layin umarni, fitilu suna rawa ƙarƙashin yatsansa, ya danna Enta. Kwamfuta ta nemi kalmar sirri.

Wannan karon ya ƙudura ba za a yi masa leƙe ba. Ya kashe allon tebur gaba ɗaya, tunda dai ba ya nuna komai. Ya duba hagu da dama yana neman abin rufa, idonsa ya sauka kan labulen ɗakin gwaji. Ya fizge shi, zobbansa suka watse a ƙasa.

"Auta!"

"Tsaro ne, Yaya, yanzu zan mayar."

Ya juyo kan jama'a. "Kowa ya kalli can. Can ne kaɗai ba madubi." Ya nuna ƙofar ɗakin gwaji. Mutum kusan ashirin suka juya suka fuskanci ɗakin, da kujerar Baba Hedimasta, da babban allon bango.

Ya lulluɓe kansa da kibod da labulen ya zama kamar tulin wanki mai walƙiya daga ciki. Da ya rubuta a lokacin, da Allah Ya rufa asiri. Amma mutum ashirin sun yi shiru suna saurare, irin wannan dama kuwa Injiniya ba ya barin ta wuce. Daga ƙarƙashin labule ya soma lacca.

"Jama'a, abin da ake kira sirri, hawa uku ne. Akwai sirrin waya, wannan na yara ne. Akwai sirrin ofis. Sannan akwai wanda nake ciki yanzu, wanda ko ni da nake rubuta shi ba a yarda in gan shi sosai ba..."

Ya yi bayanin ɓarayin intanet. Ya yi bayanin yadda manyan kamfanoni suka so ɗaukarsa ya ƙi saboda zumunci. Ya fi minti biyar. Kwamfuta ta gaji da jira, ta janye tambayarta, ta koma fili inda duk abin da aka danna yake fitowa ɓaro-ɓaro.

A daidai lokacin Likita ta saka gilashi na ƙarshe, ta tsaya gaban Baba gefe kaɗan kamar yadda ta saba, idonta a kan idonsa. Haruffan bangon ta haddace su tun shekaru, ba ta bukatar waiwaye.

"Baba, karanta mini abin da ka gani."

"To jama'a," in ji tulin wanki, "bismillah."

Baba Hedimasta ya gyara murya. "Akwai wani tarkacen rubutu a sama, wannan na wuce shi. Ga wani yana fitowa yanzu. Sabon salo ne, Likita? Da ɗai-ɗai suke zuwa." Ya ɗaga sanda ya nuna. "Ku. Ma. Kuma. A'a, da saura. Tun. Ku-ma-tun."

Gilashin da ke hannun Likita ya tsaya a iska.

"Ma. Ma. Kumatun Mama." Baba ya jinjina kai. "Gilashin nan ya yi. Rabona da ganin rubutu tas haka tun ina aiki."

A ƙarƙashin labule Injiniya ya ji kamar an ambaci wani abu daga nesa, ya ce a ransa tsoro ne ke yi masa gizo. Ya danna Enta. Bai ji an yi tafi ba, sai ya sake rubutawa, ya danna. Ya sake. Kowane karo sunan ya fito da haruffa masu girman tafin hannu, kwamfuta kuma ta amsa a ƙarƙashinsa.

"Ga fassara," in ji Baba, wanda ba ya ganin Turanci ya bar shi haka. "Ta ce Kumatun Mama, ba ta san wannan ba."

"Mu ma ba mu san shi ba," in ji Mai Kwafi.

"Waye kuma Kumatun Mamaaa?" in ji Anti Tikiti.

Likita ta waiwaya ta ga bango, ta ga jama'a, ta ga tulin labule yana ta ƙwanƙwasa. Duk abin da ya yi mata, ƙaninta ne, ita ta goya shi. Ta yi maza ta ce, "Sunan wata magenmu ce. Ta daɗe da mutuwa."

"Allah sarki," in ji wata mata.

Da a nan aka tsaya, da mage ta ɗauke komai. Amma sunan ya sake fitowa karo na huɗu da na biyar, layi bisa layi kamar rajistar aji, Baba Hedimasta kuwa shekara talatin da biyar yana kiran rajista. Jikinsa ne ya tuna. Ya buga sanda a ƙasa, ya ɗaga murya irin wadda ke tsallake filin makaranta:

"Kumatun Mama!"

Daga ƙarƙashin labule wata siririyar murya ta amsa, da sauri, da ladabi, tun kafin mai ita ya farga:

"Na'am!"

Fitilun kibod suna ta yawo ja da kore ta cikin yadin. A hankali mutum ashirin suka juyo.

"Likita," in ji Mai Kwafi, "magenku ta dawo."

Abin da ya biyo baya sai da masu wucewa a titi suka tsaya. Anti Tikiti ta zauna a ƙasa da takalminta mai tsini tana riƙe ciki. Mai Waya ya fita waje ya dafa bango. Injiniya ya zame labulen a hankali, ya ga bangon ciki, ya ga sunansa sahu biyar.

"Kutse ne," ya ce. "An yi mana kutse daga waje."

"Matso in gani," in ji Anti tana share hawaye. Ta leƙa gefen gemunsa. "Wallahi kumatun suna nan! Jama'a, suna nan a ciki, ɓoye su ya yi!"

Likita ta duba agogo, uku da rabi. Ta tsinci takardar masana'anta a ƙasa, duk ta yamutse da fifita, ta warware ta. Har yanzu da sauran gwajin karatu na kusa, ga kuma ƙananan rubutu a hannu, sai ta miƙa wa Baba.

"Baba, gwada mini na ƙasan nan, mu ga ko gilashin karatu ya yi."

Baba ya matso da takardar, ya karanta yana fassarawa, yana tsayawa a kowane waƙafi. "Abin lura. Yayin da kake rubuta kalmar sirri, ba abin da zai bayyana a allo. Ko ɗigo. Da gangan aka yi haka, don kada na kusa da kai ya san ko harafi nawa ce. Rubuta ta sau ɗaya, ka danna Enta." Ya sauke takardar ya dubi Injiniya ta saman tabarau. "Kai ne mai aikin?"

"Ni ne, Baba."

"Ka karanta umarni kafin ka fara amsa tambaya?"

"Na 'yan koyo ne," in ji Mai Kwafi, da muryar Injiniya sak, har da shafa gemun da ba shi da shi.

Likita ta tashe shi daga kujera da yatsa ɗaya. Ta kunna allon tebur, ta cire mai fitilu ta mayar da tsohon kibod ɗin shago, ta rubuta layin nan mai kalma huɗu. Aka nemi kalmar sirri.

"Mu juya baya?" in ji Mai Waya.

"Ku zauna, ai kun riga kun haddace."

Ta rubuta sau ɗaya, allo bai nuna komai ba, ta danna Enta. Dillalin manhaja ya farka, ya lissafo abin da zai ɗauko, ya tambaya ko ya ci gaba. Ta ce e. Rubutu ya gudu sama kamar ana zazzage buhu, ya tsaya. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Ta aika awon ranar a kulle, masana'anta ta amsa ta karɓa, saura minti ashirin ƙarfe huɗu ta cika. Sannan ta kori kowa waje da kibod ɗinsa a hammata, ta canja kalmar sirri.

Injiniya yana maƙale a kusurwa yana mayar da zobban labule. Can ya yi gyaran murya.

"Yaya. Cewa kika yi in awo ya tafi kafin huɗu."

"Haka na ce."

"Ba ki ce wa zai aika ba."

"Buga allonka, Auta."

Ya buga kuwa, da ƙusa huɗu, biyu a karkace. Washegari da safe ya iso ya tarar an riga shi. A ƙarƙashin allon zinariya an manna wata takarda, an buga ta tsaf an rufe ta da leda, aikin Mai Kwafi ba ko tantama. An jera ta kamar allon gwajin ido: KU babba a sama, MA TUN a ƙasansa, MA MA ƙanana a can ƙasa. Ya ɓalle ta. Da rana wata ta fito. Mai injin kwafi ba a gasar takarda da shi. Kafin mako ya ƙare masu zuwa sayen tabarau sun soma rufe ido ɗaya suna gwada kansu da ita kafin a kira su.

Bayan wata guda masana'anta ta sake aiko takarda, a sabunta laburaren, layi ɗaya. Injiniya ya karanta ta daga sama har ƙasa, har adireshin da ke gindi, sau biyu. Ya gyara biro ukunsa ya sami yayarsa.

"Yanzu na gane kan abin. Ba taro, ba labule. Ba ni sabuwar kalmar kawai."

"Ka tabbata?"

"Yaya, me ya rage kuma da za a ji?"

Ta ci gaba da goge tabarau. "Wanda Kaka take kiranka da shi ne. Na lokacin da kake jiƙa katifa."

Injiniya ya waiwaya ya dubi ƙofa, inda Mai Kwafi ke tsaye yana miƙa, kunnensa a shagon. Ya ajiye takardar a kan tebur a hankali, ya tura ta gabanta da yatsa biyu.

"Lambar mai gyaran nan," ya ce ƙasa-ƙasa, "tana wayarki har yanzu?"